Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo A Tafarkin Sufaye



Duk wanda ya saba zama a masallatan Samaru da na Sabon Garin Zariya, ko kuwa yakan tsaya wurin masu baza littattafai bayan an sauko daga Juma'a, ya san akwai wata gardama wadda ba ta tsufa, watau gardamar sufanci. Wani ya ce bidi'a ce zalla, daga baya aka cusa ta cikin addini. Wani ya ce a'a, ai ita ce ɓargon addinin. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, in muhawara ta yi zafi, kowane ɓangare sunan mutum guda yake kamawa ya kafa hujja da shi, shi ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama. Wannan ya ɗaga littafinsa na raya sunna da kashe bidi'a, wancan ya ɗaga salsalarsa ta Ƙadiriyya, alhali kuwa hannu ɗaya ne ya rubuta su duka. Labarin yaƙoƙin jihadi ko ɗan firamare ya san shi. Abin da aka yi wa ƙarancin sani shi ne rayuwar Shehu ta zuci, da irin ma'anar da shi kansa ya ba wannan kalma da ake ta ja-in-ja a kanta.

An haifi Shehu a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a yankin da yau yake cikin Jamhuriyar Nijar, a ƙarshen watan Safar na shekara ta 1168 bayan Hijira, daidai da watan Disamba na 1754. Sunan mahaifinsa Muhammadu, ana yi masa laƙabi da Fodiyo, watau malami masani da Fulatanci, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Zuriyarsu Toronkawa ce, Fulani ma'abuta karatu waɗanda kakanninsu suka taso daga Futa Toro. Tun yana yaro gidansu suka koma Ɗegel, a can ya girma. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsa, ya sha Ishiriniya tun da ƙuruciya, ya ɗauki nahawu wurin Malam Abdurrahman ɗan Hammada. Amma wanda ya fara sa masa hannu a hali shi ne ɗan'uwan iyayensa, Malam Usmanu Binduri, wanda ya karantar da shi Muhtasar. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, ya faɗa a cikin littafin da ya jera malamansu cewa Shehu ya zauna da wannan malami kusan shekara biyu, yana kwaikwayonsa a tsoron Allah da horo da kyakkyawa da hani ga mummuna, har ɗabi'unsu suka zama iri ɗaya. A lura da wannan ƙwarai. Tarbiyyar zuciya ta farko da Shehu ya samu daga bakin malamin fiƙihu ta fito, a kan buzun da ake karanta hukunce-hukuncen tsarki da salla.

Sa'an nan ya nufi babban malamin zamanin, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya lizimce shi wajen shekara guda, ya bi shi har Agadas. Da Malam Jibrilu ya ɗaura niyyar aikin Hajji sai ya komo da almajirinsa gida, domin mahaifinsa bai yi masa izinin tafiya ba. Daga nan har ya koma ga Ubangijinsa Allah bai nufe shi da ganin Makka da Madina ba, ga shi kuwa ƙasidarsa ta farko da Larabci, wadda ya tsara yana ɗan shekara 20, begen ziyarar Annabi ne ya cika ta daga farko har ƙarshe. Malam Jibrilu ya zauna a Masar, ya karɓi ijaza daga Shaihu Murtala Zabidi, mai sharhin littafin Ihya'u na Imamu Gazali, kuma ta hannunsa Shehu ya sami izinin ɗariƙu uku, Ƙadiriyya da Shaziliyya da Halwatiyya. Duk da girman da yake ba wannan malami, da Malam Jibrilu ya tafi a kan cewa mai aikata manyan zunubai ya kafirta, Shehu bai bi shi ba. Ya rubuta a sarari cewa wannan ya saɓa wa tafarkin Ahlus Sunna, ya kuma nema wa malaminsa uzuri da cewa tsananin kishin addini ne ya kai shi. Almajirin da ya karɓi wuridi daga hannun mutum, sa'an nan ya iya gyara masa kuskure cikin ladabi, lalle bai fahimci biyayya ga shehi da ma'anar rufe ido ba.

Kafin a ci gaba da labarin ya kamata a tsaya a dubi abin da Shehu ya gada, domin kalmar sufanci ba ma'ana ɗaya ta riƙe ba tun farkonta. Mafi yawan malamai sun rinjayar da cewa daga sufu aka samo ta, watau tufar gashin tumaki mai kaushi wadda masu gudun duniya suke sawa. Waɗansu sun danganta ta da tsarkin zuciya, waɗansu da matalautan sahabbai da ke kwana a rumfar masallacin Madina. A zamanin sahabbai ba a san sunan ba, sai dai an san abin, shi ne matakin kyautatawa da ya zo a hadisin Mala'ika Jibrilu, bayan Musulunci da imani, inda aka bayyana shi da bauta wa Allah kamar bawa yana ganinsa. Da dukiya ta kwararo bayan buɗe ƙasashen Farisa da Rum, sai aka sami mutane irin su Hasanul Basari, wanda ya rasu a 728, suna jan kunnen jama'a da tsoron hisabi. A wannan mataki sufanci zuhudu ne kurum da yawan kuka. Rabi'atul Adawiyya ta Basra ta ƙara masa launin ƙauna, watau a bauta wa Allah domin ya cancanci bauta. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a 857, ya mai da shi ilmi mai babi-babi, yana bin diddigin riya da jiji da kai kamar yadda likita yake bin diddigin cuta. Junaidu na Bagadaza, wanda ya rasu a 910, ya ɗaure shi tamau da Alƙur'ani da Hadisi, shi ya sa har gobe in malaman Malikiyya za su faɗi tafarkinsu sukan haɗa sunaye uku, Ash'ari a tauhidi, Maliku a fiƙihu, Junaidu a sufanci, kamar yadda duk wanda ya karanta Ibnu Ashir a zaure ya sani.

Amma a zamanin Junaidu ɗin nan ne kuma aka sami waɗanda hali ya rinjaye su suka furta maganganun da kunnen shari'a ba ya ɗauka, har aka kashe Hallaju a Bagadaza a 922. Tun daga ranar malaman fiƙihu suka riƙa duban sufaye a kaikaice. Imamu Gazali ne ya yi aikin sulhu. Ya bar kujerarsa ta koyarwa a makarantar Nizamiyya a 1095, ya shiga duniya shekaru yana neman yaƙini, ya fito da Ihya'u Ulumid Din, inda ya zuba hukunci da hikimarsa a ƙwarya ɗaya. Ɗariƙu masu suna da salsala da wuridi sai bayan wannan suka bayyana, mafi shahara a cikin na farko ita ce wadda ake danganta wa Shaihu Abdulƙadir Jilani, malamin Hambaliyya mai wa'azi a Bagadaza, wanda ya rasu a 1166. Bayansa Ibnu Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240, ya kai maganar wani zurfi da har yau malamai ba su gama saɓani a kansa ba, Ibnu Taimiyya ya yi masa raddi mai zafi, ko da yake shi ma yana ambaton Junaidu da Abdulƙadir da alheri. A Magrib kuwa Shaihu Ahmadu Zarruƙu, wanda ya rasu a 1493, ya tsara wa sufanci ƙa'idoji irin na usulu, ya yi kaca-kaca da 'yan damfarar da ke cin abinci da sunan waliyyai. To, ke nan in mutum ya ce sufanci, sai a tambaye shi wanne: na Hasanul Basari, ko na Muhasibi, ko na Hallaju, ko na mai ganga a bakin kasuwa? Rabin gardamar da ake yi yau daga rashin wannan tambaya take tasowa.

A ƙasar Hausa ma abin ya riga Shehu da nisa. Shaihu Magili ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, kuma Ƙadirawa suna lissafa shi cikin magabatansu. Katsina ta yi Wali ɗan Marina da Wali ɗan Masani. Sai dai a zamanin da Shehu ya tashi an cakuɗa gaskiya da ƙarya. Ga malaman fada masu halatta wa sarakuna abin da suke so, ga masu duba da bugun ƙasa da suke kiran sana'arsu kashafi, ga kuma waɗansu ɗalibai da suka ɗanɗani ilmin tauhidi kaɗan suka shiga kafirta talakawa don ba su iya jera hujjojin hankali ba. Da waɗannan duka ya yi fama, da baki da alƙalami, tun daga wajen 1774 da ya fara wa'azi a Ɗegel.

Hanyar da ya bi wajen warware kalmar ita ce ta raba ta biyu, har ya keɓe wa wannan rabo littafi guda mai suna Tafriƙa. Kashi na farko shi ne sufancin gyaran hali. Ma'anarsa mutum ya kakkaɓe zuciyarsa daga halaye masu halakarwa, irin su girman kai da hassada da riya da jiji da kai da fushin banza da rowa da dogon buri da munana zato ga Musulmi, ya ƙawata ta da tuba da ihlasi da haƙuri da tawakkali da yarda da hukuncin Allah da tsoro da fata. Wannan, a wurin Shehu, wajibi ne a kan kowane baligi, namiji da mace, manomi da maƙeri, kamar yadda sanin alwala yake wajibi, kuma ba ya bukatar mutum ya riƙe carbin wata ɗariƙa. Kashi na biyu shi ne na tabbatarwa, watau abin da ya shafi ma'arifa da halaye da muƙamai da kashafi. Wannan na keɓaɓɓu ne, ba a ɗora wa kowa shi ba, ba a kuma shimfiɗa shi a dandali. Ɗansa Muhammadu Bello ya bayyana a cikin Infaƙul Maisuri cewa wa'azin Shehu ga jama'a a kan tauhidi yake farawa, ya bi da hukunce-hukuncen ibada da ma'amala, sa'an nan ya shiga cututtukan zuciya da magungunansu. Manyan almajirai kaɗai yake buɗe wa abin da ya wuce nan.

Wajen 1793 ya kammala Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a, littafin da ake yawan ɗagawa a yau. Babi 33 ne, kowane babi ya kawo sunna a cikin al'amari sa'an nan ya kawo bidi'o'in da mutane suka ƙaga a cikinsa, kuma babin da ya rufe littafin da shi a kan sufanci yake. Da ma mai ɗaga littafin zai daure ya kai wannan babi, da ya ga abin da zai sanyaya masa gwiwa, ko daga wane ɓangare yake. Shehu ya ƙidaya azabtar da jiki da sunan ibada cikin bidi'a. Ya ƙidaya sauraren kaɗe-kaɗen da shari'a ta hana da sunan neman hali. Ya ƙidaya da'awar karama ga wanda bai kai ba, da aiki da ilhami ko mafarki ba tare da an auna shi da Littafi da Sunna ba, da kutsawa cikin littattafan ma'abuta kashafi ga wanda bai ƙoshi da ilmi ba. Mafi muni a cikinsu ita ce da'awar wai waliyyi yakan kai matsayin da salla da azumi za su faɗi a kansa. Amma a cikin jerin nan dai, a babi ɗaya, ya sa musun karamomin waliyyai, ya ce shi ma bidi'a ce haramtacciya. Wuƙar tasa kaifi biyu gare ta, kowa ya kama ta da garaje sai ta yanke shi.

Game da halinsa kuwa, Bello ya ba da wani labari ƙarami mai nauyi. Ya ce ya lura in Shehu zai fito wurin wa'azi yakan tsaya kaɗan a cikin gida, ya motsa leɓɓansa, kana ya fita. Da ya tambaye shi sai ya gaya masa niyya yake sabuntawa, yana yi wa Allah alkawarin ihlasi a cikin abin da zai faɗa, yana roƙon a buɗe zukatan masu saurare. In ya iso yakan yi sallama da sakin fuska, ba ya nuna gajiya da tambayar baƙauye, ba ya kuma jin nauyin kowa in gaskiya ta zo. Mata suna halartar majalisinsa a gefe, da wani malamin Barno ya soki haka sai aka ba shi amsa cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. A Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Babbar Salla ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Wannan shi ne zuhudu in ya fito daga ɗakin halwa ya shiga fada. An kuma ruwaito cewa tufafinsa ba su da yawa, kuma yakan tufka igiya da hannunsa don ya ci daga guminsa.

Sai maganar da ta fi kowace wuyar taɓawa. A cikin wani ɗan littafi da aka sani da suna Wuridi, Shehu ya ba da labarin abin da ya same shi yana da shekara 36, watau wajen 1790. Ya ce Allah ya yaye masa lulluɓi daga ganinsa da jinsa da sauran gaɓoɓinsa, har nesa ta zama masa kamar kusa, aka kuma sanar da shi wani wuridi na hamdala da salatin Annabi da istigfari. Da ya kai shekara 40 da wata 5, a cikin 1794, ya ga an kai shi wata halara inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake tare da sahabbai da waliyyai. Shaihu Abdulƙadir Jilani ya zo da koriyar alkyabba da rawani aka sa masa, aka kuma rataya masa takobin gaskiya domin ya zare shi a kan maƙiya Allah. Turawan da suka rubuta tarihinsa sun riƙe wannan labari ƙam, har ɗayansu, Hiskett, ya sa wa littafinsa na 1973 sunan wannan takobi.

Mai karatu yana da damar ya tsaya a nan ya yi tambaya: ashe jinin da aka zubar daga baya a kan mafarki aka gina shi? Amsar tana cikin lissafin shekaru. Tsakanin ganin takobi da hijira shekara goma cur. A cikinsu Shehu bai zare kome ba, karantarwa ya ci gaba da yi. Sarki Nafata ya kafa dokar hana wa'azi ga kowa sai Shehu, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shiga, ya hana rawani da lulluɓi, duk da haka aka yi haƙuri. Sai da Yunfa ya hau, aka auka wa jama'ar Abdussalami a Gimbana, aka umarci Shehu ya fita daga Ɗegel ya bar mutanensa, sa'an nan aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairu 1804, aka yi masa mubaya'a. Kuma da ya zo kafa hujjar hijira da jihadi a cikin Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya gama a 1806, ayoyi ya jera da hadisai da ijma'i da maganganun malaman Malikiyya. A sauran rubuce-rubucensa na wannan fage ya jingina da fatawoyin da Magili ya ba Askiya Muhammadu na Songhai. Bai ce wa kowa ya bi shi don ya yi gani ba. Abin da ya gani ya ƙarfafa zuciyarsa shi kaɗai, abin da ya ɗora wa jama'a kuwa sai wanda kowane malami zai iya buɗe littafi ya bincika. Ƙa'idar da ya rubuta a babin ƙarshe na Ihya'u, a kansa ya fara zartar da ita.

Labarin yaƙi sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. An yi nasara a Tabkin Kwatto a Yuni 1804, an sha wuya a Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani wajen 200 suka yi shahada, Alƙalawa ta faɗi a 1808. A ƙarshen wannan shekara Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu, ya shiga birnin Zariya, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. Shehu da kansa bai jagoranci runduna a fagen fama ba. Abdullahi da Bello da Aliyu Jeɗo ne suka riƙe wannan, shi yana bayansu da addu'a da fatawa da rubutu. Jama'arsa kuwa har sunan Ƙadirawa aka riƙa kiransu da shi, kuma akwai zumunci tsakaninsa da babban shehin Ƙadiriyya na Sahara, Sidi Muhtar Alkunti, wanda ya rasu a 1811, har salsalar Shehu ta bi ta kansa.

Jarrabawar da ta fi yaƙi tsanani ita ce nasara. Tun kafin a gama, Malam Abdullahi ya ga alamun da suka tayar masa da hankali: neman sarauta, tara dawaki da ƙwaraƙwarai, cin ganima ba bisa ƙa'ida ba. Wajen 1807 ya sulale ya bar runduna da nufin ya tafi Makka kada ya komo. Mutanen Kano suka tare shi suka roƙe shi ya zauna, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a, daga bisani ya sake shawara ya koma. Wannan ƙyamar duniya da ta kori Abdullahi daga sansani ita ce dai tarbiyyar Ɗegel. Shehu ma da ƙasa ta kwanta bai zauna a gadon mulki ba. Ya koma Sifawa wajen 1810, a 1812 ya raba kula da ƙasa tsakanin Abdullahi a yamma da Bello a gabas, ya koma kan buzunsa. Littattafansa na wannan lokaci cike suke da jan kunnen masu iko da hana almajirai gaggawar kafirta juna a kan abin da malamai suka yi saɓani.

A Sifawa ɗin ne kuma ya yi wani abu da ba kowane shehi yake iyawa ba. Mutane sun cika baki da labarin karamominsa, har magana ta kai ga ana raɗe-raɗin shi ne Mahadi. Da mai son girma ne, shiru kawai zai yi, jama'a su ƙarasa masa aikin. Sai ya ɗauki alƙalami a 1814 ya rubuta Tahzirul Ikhwan, ya kore wannan da'awa daga kansa ƙarara. Ya kawo siffofin Mahadi kamar yadda suka zo a hadisai, na suna da nasaba da mahaifa, ya nuna ba su hau kansa ba, shi da aka haifa a Maratta cikin ƙasar baƙar fata. Wazirin Sakkwato Giɗaɗo ɗan Laima ya tattara karamomin Shehu a cikin Raulul Jinani bayan rasuwarsa, kuma Ahlus Sunna ba su musun karama ga bayin Allah na gari. Amma abin lura ne cewa almajirai ne suka tattara su, shi mai abin ya fi damuwa da a san iyakarsa.

Ya koma Sakkwato a 1815, ciwo ya kama shi, ya rasu ranar 3 ga Jimada Sani 1232, daidai da 20 ga Afrilu 1817, yana da shekara 64 a lissafin wata. An rufe shi a gidansa, wurin da ake kira Hubbare.

Gidansa ya ci gaba a kan abin da ya bari, kowa da fannin da ya fi ƙarfi. Ɗansa Muhammadu Sambo ya shahara da halwa da gudun duniya. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa ya nutsa cikin kashi na biyu, ya yi rubutu mai zurfi irin na ma'abuta ma'arifa. Bello ya rubuta littafin nasiha a kan salihan mata na farkon Musulunci, Nana Asma'u ta mai da shi waƙa, ta ƙara da matan jama'ar Shehu da ta sani da idonta, jajis ɗinta na 'Yan Taru suka kai irin wannan karatu ƙauyuka har bayan rasuwarta a 1864. A zamanin Bello ne Alhaji Umarul Futi ya sauka Sakkwato a kan hanyarsa ta dawowa daga Hajji, ya zauna shekaru, ya auri 'yar Bello, ya shuka Tijjaniyya, wadda ta yi saiwa a Zariya tun cikin ƙarni na 19, ta kuma bunƙasa a Kano bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shaihu Ibrahim Inyas na Kaulaha. Ko Bello ya karɓi Tijjaniyya ko bai karɓa ba, wannan ma gardama ce da aka daɗe ana yi tsakanin Tijjanawa da malaman Sakkwato. Sa'an nan Shaihu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa na aƙida a 1972 yana sukar ɗariƙu, aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, Shaihu Nasiru Kabara da sauran malaman ɗariƙa suka mai da martani, wutar da ta kama ke nan har ta iso masallatan Samaru da Sabon Gari.

Littattafan Shehu sun haura 100, ban da waƙoƙinsa na Fulatanci. Kaɗan ne daga ciki aka buga aka kai kasuwa, waɗansu a nan Zariya, waɗansu a Sakkwato da Alƙahira. Tun cikin shekarun 1960 Shirin Binciken Tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya tsaya a kansa, ya bi gidajen malamai yana tattara rubuce-rubucen hannu na Shehu da Abdullahi da Bello da almajiransu yana ɗaukar hotonsu. Waɗansu suna ajiye a Samaru, waɗansu a Gidan Arewa da ke Kaduna, da rubutun Magribi irin na allo, da yawansu har yanzu ba a yi musu tahƙiƙi ba balle a fassara su da Hausa.